Ɗana mai sikila yana son buga ƙwallo: in bar shi ko in hana shi?

"Assalamu alaikum, Likita. Ina da yaro ɗan shekara 9 mai sikila, SS ne, an taɓa ƙara masa jini sau biyu. A daminar bara ya yi wasa cikin ruwan sama, da dare ciwon ya tashi, muka kwana biyar a asibiti. Tun daga nan na hana shi fita wasa, na daina aikensa, na cire shi daga islamiyyar yamma. Kakarsa ta ce na yi daidai, babansa kuma ya ce zan mayar da shi ɗan ɗaki. Yanzu yaron ya daina walwala, sai dai ya zauna a zaure yana kallon sa'o'insa suna ƙwallo. Don Allah me zai iya yi, me kuma ba zai iya ba?" (Wata uwa daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne inda iyaka take: wane irin wasa, wane irin aiki da zirga-zirga jikin yaro mai sikila zai ɗauka ba tare da kun sake komawa gadon asibiti ba. Amsata a taƙaice ita ce, ki bar shi ya koma wasa, ya koma islamiyya, ki kuma ci gaba da aikensa, amma da tsari. Duk uwar da ta kwana biyar tana jin ɗanta yana kukan ƙashi ba za a ga laifinta ba idan ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai dai shi ma zaman zauren yana cin yaro, illa iyaka cinsa a hankali yake yi, ba a ganinsa a dare ɗaya.

Abin da ke faruwa cikin jininsa

Kin riga kin san da yawa daga cikin wannan, amma zan maimaita saboda duk shawarar da za ta biyo baya a kansa ta tsayu. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa gaɓoɓi. Na mai lafiya masu laushi ne, suna lanƙwasa su wuce ta jijiya komai ƙanƙantarta, kuma suna rayuwa wajen kwana 120. Na mai SS, da zarar sun sauke iskar da suka ɗauko, sai su iya sandarewa su koma siffar lauje, kuma ba su wuce kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko ƙarancin jini na dindindin: yawancin yaranmu jininsu yana tsakanin 6 zuwa 9 a ma'auni, alhali na sa'o'insu ya kai 11 ko ya wuce. Shi ya sa yake riga kowa haki. Na biyu toshewar ƙananan jijiyoyi, kamar yadda a-daidaita-sahu ɗaya da ta tsaya a karkace ke cunkushe lungu gaba ɗaya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi, galibi a ƙashi, baya, ƙirji ko ciki.

Abubuwan da ke ƙara jawo wannan toshewa sanannu ne: ƙarancin ruwa a jiki, sanyi (musamman wanda ya zo kwatsam a kan jiƙaƙƙiyar fata), zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka, gajiyar da ta wuce misali, da tashin hankali. Ki duba labarin ɗanki da kyau. Ya jiƙe, iska ta buge shi, jijiyoyin fata suka tsuke, mai yiwuwa kuma ya daɗe da jiƙaƙƙun kaya a jikinsa. Mafi ƙarfin zato ruwan saman ne ya kwantar da shi, gudun da ya yi ba shi ne babban mai laifi ba. Ke kuma sai kika hana duka biyun, har da islamiyya da aike waɗanda ba su da hannu a ciki.

Akwai kuma wata gaskiya da nake so ku riƙe, ke da babansa da Hajiya kakarsa. Sau da yawa ciwon kan tashi ba tare da wani dalili da za a nuna da yatsa ba. Muna kwantar da yaran da ba su taka ƙofar gida ba. Don haka killace shi ba zai ba ki tabbacin da kike nema ba, kuma ranar da ciwon ya sake motsawa kada a fara neman wanda za a ɗora wa laifi.

Abin da zaman gida ke yi masa

Yaron da ba ya motsa jiki tsokarsa takan yi rauni, numfashinsa ya gajarta, ƙashinsa bai samu ƙwarin da ya kamata ba. Daga nan ɗan aiki kaɗan sai ya gajiyar da shi, iyaye su ce ka gani ko, dama ba zai iya ba, a ƙara matsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin awa ɗaya ta motsa jiki a kullum, kuma likitocin sikila ba su cire yaranmu daga motsa jiki ba, sai dai su rage ƙarfinsa su yayyanka shi. A Faransa an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018, inda aka sa wasu manya masu sikila tuƙa keken motsa jiki a matsakaicin ƙarfi, sau uku a mako har mako takwas. Tsokarsu ta ƙara ƙarfi kuma atisayen bai jefa su cikin haɗari ba. Manya ne, kuma an zaɓi waɗanda cutar ba ta yi wa mummunar illa ba, saboda haka ba zan ɗora sakamakon kai tsaye a kan ɗan shekara 9 ba. Amma ya yi daidai da abin da muke gani a ɗakin duba yara.

Abin da ya fi damuna ma ba tsokar ba ce. Yaran da aka fi takurawa su ne suka fi ƙwarewa wajen ɓoye ciwo. Yaro yana da wayo. Idan ya gane cewa duk ranar da ya ce ƙafata na ciwo za a hana shi fita wata uku, to gobe zai yi shiru, ya cije, har sai abin ya fi ƙarfinsa. Sai a kawo mana shi tsakar dare a galabaice, alhali da ya faɗa tun la'asar da an ba shi ruwa da maganin ciwo, an gasa masa wurin da tawul mai ɗumi, wataƙila ma ba a zo asibiti ba. Ina ganin wannan sosai a wajen 'yan shekara 13 zuwa 16, waɗanda da zarar sun samu 'yancin fita sai su yi wa jikinsu hawan ƙawara, domin ba a taɓa barinsu sun koyi inda ƙarfinsu ya tsaya ba. Ɗanki zai rayu da wannan jiki har girmansa in sha Allahu, kuma ba kullum za ki kasance kusa ba. Shekarun nan da yake ƙarƙashin idonki su ne lokacin koyo.

Rashin walwalar da kika ambata kuwa ki ɗauke ta da muhimmanci. Yaro mai sikila dama yana fama da abubuwan da ke ware shi: idonsa kan yi ɗorawa, jikinsa ya fi na sa'o'insa ƙanƙanta, balagarsa kan yi jinkiri, ga masu kiransa da sunayen da ba su dace ba. A wajen wasa yake samun abokai, a can ake saninsa da wani abu ban da ciwo.

Ƙwallo da sauran wasanni

Zai iya buga ƙwallon unguwa. Ki zaɓar masa lokaci: bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, ko da hantsi, ban da tsakar ranar bazara, ban da sanyin asubar hunturu. Ya sha ruwa kafin ya fita, ya tafi da robar ruwansa, kuma kowane minti 15 zuwa 20 ya fito ya zauna a inuwa ya kurɓa, ko da bai ji ƙishirwa ba. Akwai gwaji mai sauƙi da nake koya wa yara: in kana gudu kana iya yin magana, ci gaba, in haki ya hana ka haɗa kalma uku, fita ka huta. A makonnin farko, tunda ya daɗe a zaune, ya fara da tsaron gida ko tsaron baya, inda gudun ba ya yawa. Ya sa takalmi, domin rauni a idon sawun mai sikila yana da wuyar warkewa, wani lokaci ya zama gyambo. Da ya dawo a cire masa rigar da ta jiƙe da gumi, kada ya zauna da ita gaban fanka, kuma wanka da ruwa mai ɗumi.

Sharaɗin da ya fi kowane girma shi ne ikon tsayawa. Dole ya zama yana iya cewa na gaji ya fita ba tare da an yi masa dariya ko an ce ya ba da ƙungiya ba. Nan ne babansa zai yi aiki. Maimakon a tsaya gardamar ɗan ɗaki, ya raka shi fili sau biyu ko uku, ya yi magana da babban yaron da ke shirya wasan, ya nuna wa ɗansa cewa namiji ma yana hutawa. Bambancin da nake yi kullum shi ne tsakanin wasan da yaro ke yi da ganin damarsa, da wanda wani ke tsaye a kansa da usur yana cewa saura zagaye biyar. Na farko jiki da kansa yake taka masa birki. Na biyun ne ke kawo mana yara.

Keke, ɓuya, langa kaɗan-kaɗan, tuƙa taya, duk babu laifi. Ga masu 'ya'ya mata, gaɗa da 'yar carafke da tsallen igiya haka suke. Abin da zan ce a bari shi ne kokawa da dambe, tseren nesa na gasa, wasa cikin ruwan sama, da wanka a kududdufi ko rafi, wanda bayan sanyinsa ga tsargiya ga haɗarin nutsewa. Kafin ya koma fili, a sa likita ya taɓa cikinsa. Idan saifarsa ta kumbura, duk wasan da za a iya bugun cikinsa ya dakata, har da tsaron gida. Haka nan idan yana ɗingishi ko yana kukan ƙugu ko cinya da ba ya tafiya, a yi hoton ƙugu tukuna, domin sikila kan hana jini kaiwa kan ƙashin cinya, kuma tsalle da gudu suna ƙara lalata shi.

Makaranta, inda aka fi samun matsala

A ganina abin da ke faruwa a makaranta ya fi ƙwallon unguwa haɗari, kuma iyaye ba su cika lura ba. Tsallen kwaɗo saboda makara, kamun kunne, durƙuso a rana, tsayuwar asambili mai tsawo cikin hazon hunturu ko zafin Afrilu, zagaye fili a matsayin horo: duk waɗannan gajiya ce ta dole wadda yaro ba shi da ikon cewa ya isa. Yawancin malamai ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne. Ki nemi takarda daga likitansa, ku je da babansa ku ga shugaban makaranta da malamin aji ido da ido. A gaya musu a fili cewa idan ya yi laifi a hore shi ta wata hanya, a ba shi rubutu ko hadda, ban da horon jiki.

Sai maganar ruwa da banɗaki. Ƙodar mai sikila tun yana ƙarami take rasa ikon riƙe ruwa, tana zubar da fitsari mai yawa ko da jiki na buƙatar ruwan. Don haka yake yawan neman fita, don haka kuma fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu har bayan shekara goma. Malamin da bai sani ba sai ya ɗauka wasa ne ya hana shi fita, yaron kuma don gudun kunya sai ya daina shan ruwa, wanda shi ne mafi munin abin da zai yi. A ba shi izinin ajiye ruwa a kan tebur da fita ba tare da dogon bayani ba. Ke ma a gida, in yana fitsarin kwance kada ki rage masa ruwa kuma kada a yi masa faɗa. Yaro kamarsa yana buƙatar kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato fiya wota uku zuwa huɗu, fiye da haka a lokacin zafi ko ranar da ya yi wasa. Kada ki dogara da hasken fitsarinsa ki ce ya ƙoshi da ruwa, domin nasu kan fito fari ko da jiki ya fara bushewa.

Akwai abu guda da nake roƙon iyaye su sa wa ido. Idan yaron da ke gane karatu ya fara mantuwa, haddarsa ta ja baya, ko rubutunsa ya canza, kada a yi saurin cewa wasa ya yi masa yawa. Sikila kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a gaɓoɓi ba, kuma wannan yana samun kusan ɗaya cikin uku na yara masu SS kafin su girma. Irin wannan yaro likita yake buƙata da malami mai haƙuri, bulala ba za ta dawo masa da abin da ya ɓace ba.

Islamiyya kuwa ki mayar da shi cikin makon nan. Zama ne da karatu. Rigar sanyi da hula da safa a hunturu, tabarma ko buhu a ƙarƙashinsa maimakon siminti tsirara, ruwa a jaka, in hadari ya haɗu kuma ya zauna a gida ko a je a ɗauko shi. Makarantar kwana ba yanzu ba. Idan lokacin ya zo, abin dubawa shi ne ko akwai ruwan zafi na wanka, gidan sauro, ma'aikacin jinya, da asibiti kusa.

Aike, alwala da azumi

Ki aike shi shago, ya yi shara, ya ba kaji ko tumaki abinci, ya raka babansa kasuwa ya zauna a rumfa. Ɗaukar jarka mai lita 25, jan guga mai yawa, ko talla cikin rana, waɗannan a ba wani. Kada ya zama shi kaɗai ne ba a sa shi komai a gida, domin 'yan'uwansa za su ji haushi, shi kuma ya ɗauki kansa a matsayin kaya.

A hunturu a ɗumama masa ruwan alwala, musamman na asuba. Azumi bai hau kansa ba tukuna, kuma na san yara kan matsa saboda ganin sa'o'insu suna ƙirga nasu. Ni ba na ba yaro mai SS shawarar yini ba ruwa, balle idan azumi ya faɗo cikin zafi ko kusa da shi. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Idan ya balaga, sai a haɗa bayanin likitansa da fatawar malami a yanke abin da ya dace da jikinsa. Kafin nan a sa shi cikin hidimar watan ta wasu hanyoyi: ya tashi sahur tare da kowa, ya kai wa maƙwabta kunu da ƙosai, ya bi babansa tafsiri.

Abin da ke faɗaɗa masa iyaka

Yawan abin da yaro zai iya yi ya dogara da yadda aka riƙe cutar. Folik asid, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta, gidan sauro kowane dare, cikakkun allurai, da zuwa asibiti ranar da aka ba ku ko da lafiyarsa ƙalau. Ki kuma tambayi likitansa abu biyu idan ba a taɓa yi muku maganarsu ba. Na farko maganin haidiroksiyuriya, wanda ke ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi, mai hana ƙwayoyin sandarewa. Wani babban gwaji da aka yi da yara sama da 600 a Angola, Kongo, Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo, ƙarin jini, zazzaɓin cizon sauro da mace-mace. Yana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci, don haka ba maganin da za a saya a kemis da ka ba ne. Na biyu gwajin TCD, na'urar da ake ɗorawa a gefen kai don auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake so a yi wa yaro mai SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Aikin da aka yi a Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya nuna haidiroksiyuriya na kare yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari.

Ranar da ya tashi da zazzaɓi, tari, gudawa, ko ya ce jikinsa ba daɗi, babu wasa. Bayan an sallamo shi daga asibiti kuma a koma sannu a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Alamomin da ba a jira da su har gari ya waye, ki koya wa duk wanda ke kula da shi: zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, fari fat na tafin hannu da leɓe tare da kasala, kumburin ciki ta hagu kwatsam, karkacewar baki, rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, harɗewar magana, matsanancin ciwon kai, da miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya, wadda yara maza ke ɓoyewa saboda kunya, don haka babansa ya yi masa maganarta tun yanzu. Kada kuma a taɓa ɗora ƙanƙara ko ruwan sanyi a inda ke ciwo, ko da buguwa ce a wajen ƙwallo.

Ban ga ɗanki ba, ban taɓa cikinsa ba, kuma masu SS sun bambanta ƙwarai: wani sai ya shekara biyu bai kwanta ba, wani kowane wata. Duk abin da na faɗa na yaron da ke cikin yanayinsa na yau da kullum ne, wanda bai taɓa samun shanyewar jiki ko ciwon zuciya ko na huhu ba. A zuwanku na gaba ki tafi da jerin abubuwan da yake son yi, ƙwallo, keke, islamiyya, aike, ki sa likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya bayan ya duba saifa da ƙugu da yawan jininsa. Ku tafi da babansa, in da hali har da Hajiya, kuma a bar yaron ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa.